Masaukin Ruwa

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Ubangijin da ya raba ruwan daɗi da ruwan zartsi, ya sanya wa kowanne halittun da ba za su rayu a ɗayan ba, kuma ya san abin da kowane ciki yake ɗauke da shi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da alayensa da sahabbansa. Ya Allah, ka daidaita mini harshe, ka tsare ni daga ƙari a kan abin da na gani.

Bayan haka, jiya da dare na yi wani mafarki. Ba na da'awar yana cikin mafarkan bushara. Na fi zaton irin wanda zuciya take zantawa da kanta ne idan ta kwanta da nauyi. Sai dai ba za a gane shi ba sai na faɗi inda na kwanta, da abin da hannuna ya aikata kafin in kwanta.

Ina Ikko, a gidan ɗiyata Uwani. Sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa ba na kiran sunanta na yanka. Uwarta, Saude, ta rasu wajen haihuwarta, ni na rene ta, har goyo na yi mata da zanen uwarta a can cikin gida inda idon maza ba ya kaiwa. Ta girma ta karanci ilimin halittun ruwa. A falonta akwai wani babban akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, a cikinsa wasu halittu biyu da ake kira dokin teku. Tsawon kowanne bai wuce ɗan yatsa ba. Kansa kan doki ne sak, yana tafiya a tsaye, wutsiyarsa a naɗe. Namijin, mai launin ƙasa-ƙasa, ta sa masa Gunya. Macen kuwa Goɗiya.

Shekaranjiya mijinta Lawwali ya kai ta asibiti. Watan haihuwarta ya tsaya, likitoci suka ce a kwantar da ita tun kafin naƙuda. Da za ta fita ta ja ni gaban gilashin.

"Baba, ga amanar Gunya da Goɗiya. Lawwali ko kifin gwangwani ba zan ba shi ajiya ba."

Ta buɗe ƙofar katakon da akwatin yake bisa. Ashe akwai wani tanki a ɓoye a ƙasa, ruwansa rabi, da bututai, da famfon lantarki yana gunji a hankali, da wayoyi birjik a gefensa. A jikin tankin ta ja layi da jan farce, abin da na hana ta sawa tun tana yarinya saboda alwala. Ashe ta sama masa aiki.

"Ruwan akwatin sama nan yake gangarowa a tace shi, famfo ya mayar da shi. In famfon nan ya mutu, su ma ba za su kai gobe ba. Ka kula mini da jan layin nan."

Ta ƙara wata magana a kan wuta, amma Lawwali yana ta danna hon a waje, ni kuma idona yana kan yadda take dafe da ƙugunta, irin dafawar uwarta. Ban ji ba.

Jiya bayan isha'i zama ya gagare ni. Waya ba ta yi ƙara ba. Na buɗe ƙofar katakon, na ga tankin ƙasa rabi, sai abin ya tsaya mini a rai. Tun da nake ban taɓa barin randa rabi ta kwana a gidana ba, kuma an umarce mu da cika mudu. Na ɗauko jarkar ruwan gishirin da ta haɗa ta ajiye, na ɗura har ruwa ya shafe jan layin, ya zo baki. Na ji kamar na yi wa Uwani wani abu. Na kwanta.

Sai na gan ni a wani gari inda ruwan sama yake tashi daga ƙasa. Ɗigo-ɗigo yake ɓullowa tsakanin yatsun ƙafa, ya bi gefen fuska, ya wuce sama. Mutane suna tafiya a tsaye cikin lemominsu kamar masu tuƙa kwalekwale. Mata sun kifa bokitai a ƙarƙashin rassan itatuwa suna tara.

Wani dattijo ya tare ni ya ce, "Lafiya lau, alhamdu lillahi."

Na ce, "Ina kwana?"

Ya ce, "Madalla, ka iya gaisuwar garin nan. Ana jiranka a ofis tun gobe."

Ofishin yana saman wata tsamiya, amma gangarawa ake yi a shiga. Bayan teburi wani bunsuru ne zaune, da tabarau da farin gemu, ya naɗe ƙafafunsa a kan kujera don kada ruwa ya taɓa shi. Ya ce shi ne Babban Jami'in Ruwa.

Na ce, "A sanina jinsinku ba ya son ruwa."

"Shi ya sa aka ba ni. Wanda yake so shanyewa zai yi. Allah gafarta Malam, me ka sani game da ruwa?"

Na gyara zama, don an zo fagena. Na ce ruwa iri-iri ne: akwai mai tsarki mai tsarkakewa, akwai mai tsarki wanda ba ya tsarkake waninsa, akwai wanda ƙazanta ta jirkita masa launi ko ɗanɗano ko ƙanshi.

Ya saurara har na ƙare, yana tuƙa. Sannan ya ce, "Duk wannan yadda ruwa yake wanke ku ne. Shi kuma wa yake wanke shi?"

Shekara da shekaru ina karantar da babin tsarki, ba a taɓa yi mini wannan tambaya ba.

Ya ce, "A nan ruwa ma alwala yake yi. An naɗa ka mai masaukinsa. Kada ka ji daɗi, babu rawani."

Sai ga mu a ƙarƙashin garin, cikin wani dogon soro mai ɗakuna a jere, bangayensa na gilashi. Ta wata kafa a rufin ruwa yake gangarowa, a gajiye, da ƙurar gari a jikinsa. Bunsuru yana tafe a kan katanga yana nuna mini da ƙaho.

A ɗakin farko an rataye wata farar safa mai girman buhu. Ruwa yana shiga ta bakinta ya fita ta jikinta, ya bar mata tarkacensa. Bunsuru ya ce a riƙa wanke ta da wuri, don safar da aka manta da ita takan koma rabon abin da ta tara.

A ɗaki na biyu wata doguwar tukunya ce take ta kumfa. Kumfar tana hawa, tana yin duhu, tana zuba cikin wani kofi da ke kanta. Warin ya sa na toshe hanci da gefen rawanina.

Na ce, "Amma ruwan da ya shiga nan garau yake."

Ya ce, "Garau yake a ido. Wannan ɗakin na abin da ido ba ya gani ne. Kowa yana da irinsa, ba kowa ne yake da kofi ba."

A ɗaki na uku duwatsu ne masu huji-huji zaune a da'ira, kamar masu jiran darasi. Na yi musu sallama, suka amsa a hankali. Bunsuru ya ce rayayyu ne, a cikin hujinsu akwai ma'aikata da ba a iya gani, aikinsu cinye dafin da ke cikin ruwa. Ba a biyansu, ba su taɓa hawa sama sun ga dawakin da suke wa hidima ba, kuma ba a gina gari sai an jira sun yawaita tukuna. Kusa da su wata ciyawa ce kore a cukurkuɗe, an kunna mata fitila da dare a kashe da rana. Bunsuru ya dube ta ya haɗiye yawu ya kau da kai.

A ɗaki na ƙarshe famfo ne, wani baƙin ƙato a durƙushe, yana ɗaukar ruwan da ya tsarkaka yana cilla shi sama. Nan na gane dalilin da ruwan saman garin yake tashi. A can saman bututunsa akwai wata 'yar huda kamar ta allura.

"Wannan kada ta toshe," in ji Bunsuru. "In ruwa ya juya da baya, ta nan yake shaƙar iska ya tuna ya tsaya."

Duk tsawon soron, ruwa bai wuce ƙuguna ba. Daga nan zuwa rufi babu komai, sai wani jan layi da ya zagaye bango.

Na ce, "Wannan sararin fa, na wane ne?"

Ya duba agogon da ke ɗaure a ƙahonsa ya ce lokacin tashi daga aiki ya yi tun kafin a buɗe ofis. Ya tafi.

Sai na gan ni a sama, cikin wata unguwa ta murjani, ina numfashi a ruwa ba tare da wahala ba. Gunya yana gabana, ya yi girman ingarma, a tsaye, ya naɗe wutsiyarsa a jikin wani turke. Babu igiya, babu dabaibayi. Cikinsa ya yi tulu.

Na ce, "Wa ya ɗaure ka?"

"Ni na ɗaure kaina, Malam. Mu ba mu iya iyo sosai ba. In babu turke, igiyar ruwa sai ta yi ta yawo da mu har mu gaji mu mutu. Ku ma ai kuna da naku turakun, sau biyar a yini nake ganinka ta gilashi."

Na tambaye shi ko a kawo masa dusa da kanwa, yadda ake yi wa doki. Ya yi dariya, 'yan ƙwayoyin iska suka fito ta dogon bakinsa. Ya ce abincinsu ƙananan jatan lande ne, kuma ba su da tumbin ajiya, abin da suka ci yanzu shi ne nasu, an jima sai an sake. Ya ce kada a haɗa su da kifi mai hanzari, don su sai sun daɗe suna duban loma kafin su ɗauka. Kada ruwa ya yi zafi, kada ya yi gudu.

Goɗiya ta zo, siririya, ta saƙala wutsiyarta a tasa, suka zagaya turken tare. Ta ce gaisuwar safe ce, ba su taɓa fashinta ba. Ta dube ni.

"Malam, kana ta kallon cikinsa kana kunyar tambaya."

Na ce, "Ciwo ne?"

"Ciki ne. Ni na zuba masa ƙwai a jakarsa, shi zai ɗauka, shi zai yi naƙuda. Haka aka halicce mu."

Na yi tasbihi. Na buɗe baki in yi masa addu'ar da ake yi wa mai ciki, sai harshena ya sarƙe. Tun da nake, "Allah ya sauke ki lafiya" na sani. Ban taɓa faɗarta da "ka" ba.

Gunya ya ce, "Kada ka wahalar da nahawunka. Ai kai ma ka yi goyo. Har yanzu akwai shatin zane a ƙirjinka."

Na duba, akwai.

Ya ce, "Abu ɗaya nake roƙo. 'Ya'yan nan sun kusa. Kada numfashin garin nan ya tsaya."

Sai ga ni a soron ƙasa kuma, ni kaɗai, da tulu a kafaɗa. Na dubi sararin nan da ba kowa, na ce a raina: mai ciki yana sama, ni kuma in bar masa rumbun ruwa rabi? Na tuntsura tulun. Ƙaramin tulu ne amma bai ƙare ba. Ruwa ya haura ƙirjina, ya shafe jan layin, ya taɓa rufi. Duwatsu suka yi gyaran murya, ban kula ba. Na ji daɗi ƙwarai.

A waje wata zabuwa ta bi titi da ganga tana shela: "Jama'a, Wuta za ta je ganin gida! Ba ta faɗi ranar dawowa ba!"

Na ga Wuta ta fito daga cikin wayoyi, wata doguwar mace da ƙunshin kaya a ka, ta hau bayan babur ta tafi ba ta waiwaya ba. Famfo ya yi ajiyar zuciya ya kwanta. Ruwan da ke tashi ya tsaya cak a iska, kowane ɗigo a inda yake, kamar carbin da aka tsinke bai kai ga zubewa ba. Sannan ya juyo.

Ruwayen suka yi ta gangarowa ta kafar rufi, baƙi ne, da tabarmi a hammata. Na gabansu wani tsohon ruwa ne mai furfurar kumfa.

"Salamu alaikum, mai masauki. Mun sauka."

Na amsa, na ce daga ina?

"Daga sama. Kullum Wuta ta yi tafiya nan muke sauka, mu jira ta dawo. Ina ɗakinmu?"

Na duba. Babu masakar tsinke. Na ce su yi haƙuri, na cika shi.

"Da me?"

"Da ruwa."

"To mu mene ne?"

Ba su yi faɗa ba. Baƙi ne masu ladabi. Sai dai na baya suna turo na gaba, na gaba suka fara tsallake katanga suna zuba waje, inda wayoyi suke kwance kamar macizai masu barci. Bunsuru ya leƙo daga kan wata kujera da ya ɗora a kan wata kujerar.

"In ruwan gishiri ya jiƙa waɗannan, ranar da Wuta ta dawo famfo zai ƙone. In ya ƙone, na sama sun mutu, da mai cikin da abin da ke cikin. Ni dai na tashi daga aiki."

Na sa hannu biyu ina tare ruwa, yana bi ta tsakanin yatsuna. Ta cikin rufin gilashi ina hango Gunya ya ƙanƙame turkensa yana dubana.

Sai na ji an ce, "Malam, matsa."

Saude ce. Tana nan yadda na san ta, ba ta tsufa ba, da zanen nan mai ruwan bula wanda na yi goyo da shi, da ƙwarya biyu a hannu. Na tsufa na bar ta, har na ji kunyar gemuna. Ta miƙo mini ɗaya.

"Halinka yana nan. Ka tuna ɗakin da ke kusa da zaure? Kowace kaka sai ka ce a zuba gero a ciki, ni kuma in ce a'a."

Na ce, "Ɗaki ne yana zaune babu kowa."

"Aikinsa ke nan. Da ka cika shi, ina ƙanenka zai kwana daren da motarsu ta lalace? Ina ungozoma ta kwana?"

Ta faɗi wannan ba tare da muryarta ta canja ba. Ta sunkuya ta fara kwasa. Inda duk ta ɗebe ƙwarya ɗaya, sai baƙo ɗaya ya shimfiɗa tabarmarsa ya zauna ya ce, "Alhamdu lillahi."

Na ce, "Saude, Uwani tana asibiti."

Ba ta ɗago ba.

Na ce, "Irin dafawarki take yi. Za ta sauka lafiya?"

Ta ce, "Wannan ba a hannunka yake ba, Malam. Ƙwarya ce a hannunka. Kwashe."

Na sunkuya kusa da ita muka yi ta kwasa, kafaɗa da kafaɗa, abin da ba mu taɓa yi ba tana raye. Jan layin ya fara bayyana. Ƙwaryarta tana gogar bango, shar, shar, shar. Na juya in ce mata yarinyar ta yi karatu, ta yi hankali, tana da dariyarta.

Shar, shar, shar. Tsintsiyar maƙwabciya ce tana share tsakar gida kafin asuba, a ƙarƙashin tagata.

Na buɗe ido. Fanka tana juyawa, wato da sauran wuta. Ban tsaya neman takalmi ba. Na buɗe ƙofar katakon, ga tankin ƙasa cike fal yadda na bar shi, ruwa yana lasar baki, wayoyi a gefensa. A lokacin maganar da Uwani ta yi cikin ƙarar hon ta dawo mini sarai: in an ɗauke wuta, Baba, na sama nan yake sauka. Na ɗauki moɗa na durƙusa ina kwasa ina mayarwa cikin jarka, gwiwoyina suna ƙara, har jan farcen ya fito. Na tsaya daidai kansa. Sannan na yi alwala na yi salla.

Rana ta ɗan ɗaga aka ɗauke wutar. Famfo ya yi shiru. Na zauna a ƙasa ina kallon ruwan akwatin sama yana gangarowa, yana haura jan layin, yana hawa, yana hawa. Bututu ya yi wani ɗan sauti kamar mai shaƙuwa, ya shaƙi iska. Ruwa ya tsaya, saura faɗin yatsa biyu ya kai baki. Ko ɗigo bai taɓa waya ba. Da hantsi wuta ta dawo, famfo ya ɗauki gunjinsa, baƙi suka koma inda suka fito, sararin ya koma sarari.

Na narka musu jatan landen da ta bari a firji na zuba. Goɗiya ta zo ta saƙala wutsiyarta a ta mijinta. Gunya yana riƙe da reshen murjaninsa, cikinsa tulu, ya daɗe yana duban loma kafin ya ɗauka. Na matsa bakina kusa da gilashi na ce masa, "Allah ya sauke ka lafiya." Wannan karon harshena bai sarƙe ba.

Har yanzu da nake wannan rubutu waya ba ta yi ƙara ba. Jiya na yi ta kiran Lawwali har ya fara amsa mini da "Baba, ai da akwai labari da na kira." Yau na ajiye ta a kan katakon, kusa da moɗa, ban taɓa ta ba.

Ya Allah, ka jiƙan Saude, ka yalwata mata kabarinta, ka kyautata masaukinta kamar yadda ta kyautata na baƙi. Ka jiƙan iyayenmu da malamanmu da duk matan da suka tafi a kan gwiwa. Ka sauki Uwani lafiya, da duk mai ɗauke da nauyi a tudu ko a cikin ruwa. Wanda ya karanta wannan, Allah ya gafarta masa da mamatansa, ya bar masa sarari a ƙirji ranar da abin da ke sama zai sauko. Amin.